Babi na Shida: Idan "Ni" Ta Gushe, Wa Ya Rage?

Ranar Juma'a bayan la'asar, idan mutum ya taso daga Garu ya gangaro cikin garin Dutse, ba zai yi nisa ba sai ya ji hailala tana tashi daga wata zawiyya. Haka abin yake a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da ƙauyukan da ke tsakaninsu: dattawa da samari sun yi da'ira, kalma ɗaya ake ta nanatawa har rana ta faɗi. Ba sai ya yi wata doguwar tafiya ba kuma zai tarar da wani masallacin, inda wani malamin yake gaya wa ɗalibansa cewa fana'i da wusulin da ake kwaɗaita wa muridai ba 'ya'yan Musulunci ba ne, aro ne daga Hindu da mabiya Buda. Na sha jin wannan magana, na sha jin martaninta. Abin da ban ji ba shi ne wani daga ɓangarorin biyu ya tsaya ya faɗi abin da su Hindun da mabiya Budan suke cewa. Ana ta shari'a a kan kayan sata, amma babu wanda ya leƙa gidan da aka ce an yi satar ya ga irin kayan da suke ajiyewa.

Zargin ba a Jigawa aka haife shi ba, ba kuma a Jos ba, inda aka kafa Izala a 1978. Malamin nan na Pakistan, Ihsan Ilahi Zahir, wanda ya rasu a 1987, ya rubuta littafi sukutum a kan tushen sufanci, ya jingina shi da Indiya da wasu al'ummu. Kafin shi, wani Bature malamin jami'ar Oxford, Zaehner, ya fitar da littafi a 1960 yana cewa Abu Yazid al-Bisɗami ya samo maganganunsa ne daga falsafar Hindu ta hannun malaminsa Abu Ali al-Sindi. Takwaransa na Cambridge, Arberry, ya ce hujjar ba ta kai ta ɗauki wannan kaya ba. Wato ko a wurin Turawan ma ba a rufe maganar ba.

Mu kuwa saninmu da Indiya na majigi ne. Tun wajen shekarun 1950 da 'yan Labanan masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya Kano, har zuwa fassarar Indiya-Hausa da ake tura wa mutane a waya a kasuwar Shuwarin, abin da muka gani shi ne gunki mai hannuwa da yawa, da ƙararrawa, da uwa tana kuka a gabansa don ɗanta ya warke. Wannan gaskiya ne, addinin miliyoyin mutane ne. Amma bayan wannan akwai malamai masu zaure da almajirai da matani da sharhi da sharhin sharhi, waɗanda suka shafe fiye da shekara dubu biyu suna jayayya a kan tambaya ɗaya: wannan da yake cewa "ni", wane ne shi, kuma me zai faru idan aka gano ba abin da ya ɗauki kansa ba ne?

Babbansu a ɓangaren Hindu shi ne Shankara. An haife shi a Kaladi, a jihar Kerala ta yau can kudancin Indiya, wajen ƙarni na 8 miladiyya, kuma mabiyansa sun ce yana da shekara 32 ya mutu. A wannan ɗan tsakanin ya yi sharhin manyan littattafan da ake kira Upanishad da wasunsu, kuma har yau akwai zawiyoyi huɗu a kusurwoyin Indiya da suke jingina kansu gare shi: Siringeri da Duwarka da Puri da Joshimat. Makarantarsa ita ake kira Adbaita Bedanta, makarantar da ta ce babu biyu.

Abin da ya karantar a taƙaice shi ne, samamme na haƙiƙa ɗaya ne tak, suna kiransa Brahman. Ba shi da siffa, ba shi da kishiya, ba ya canzawa. Samuwa ce zalla, sani ne zalla. Sannan ya ce ainihin mutum, wanda suke kira Atman, ba jikinsa ba ne, ba tunaninsa ba ne, ba farin cikinsa ko baƙin cikinsa ba ne, domin duk waɗannan ana ganinsu suna zuwa suna wucewa. Ainihinsa shi ne mai kallon da ba ya zuwa ba ya wucewa. Kuma wannan mai kallon, in ji shi, shi ne Brahman ɗin, ba wani yanki nasa ba, ba bawansa ba.

To in haka ne, wannan duniyar mai gero da dawa da bashi da jana'iza fa? A nan ya kawo misalin da ya shahara da shi, wanda duk manomin da ya taɓa dawowa daga gona da almuru zai gane. Ka hango wani abu a miƙe a kan hanya, gabanka ya faɗi, ka ja da baya, ka ce maciji. Aka kawo fitila sai ga igiya. Tsoron da ka ji na gaske ne, gumin da ka yi na gaske ne, amma maciji bai taɓa kasancewa a wurin ba. Ba a kashe shi ba, ba a kore shi ba, ba inda ya tafi. Shankara ya ce haka duniyar rarrabuwa take a kan Brahman, kuma kuɓuta, wadda suke kira moksha, ba wani wuri ba ne da za a je, ba lada ba ce da za a tara. Ganewa ce kawai. Daga nan ya yanke wani hukunci mai nauyi: ibada da yanka da sadaka suna wanke zuciya, amma ba su ne ke kuɓutarwa ba, domin duk abin da aiki ya samar yana da ranar ƙarewa. Duhu fitila ce maganinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka hanya ce ta malalata. An shar'anta wa almajiri ya iya rarrabe mai wanzuwa da mai gushewa, ya yanke kwaɗayin duniya da na lahira baki ɗaya, ya mallaki gaɓoɓinsa da zuciyarsa, ya kuma ƙosa da son kuɓuta. Sai ya saurari matani daga bakin malami, ya yi ta juya shi a hankalinsa har shakka ta ƙare, sannan ya zauna a kansa har ya zame masa jiki. Wanda ya kai nan, sun ce ya kuɓuta tun yana raye; yana ci yana sha yana tsufa, amma ba ya ƙara ɗaukar igiya a matsayin maciji. Sai dai akwai abin da masu yabon Shankara a Turai ba su cika faɗa ba. Mutumin da ya ce kowa Brahman ne, shi ne kuma ya tabbatar a sharhinsa cewa 'yan ƙasƙantaccen aji, Shudra, ba su da izinin karatun littattafan Beda. Babu biyu a sama, amma a ƙasa akwai aji huɗu.

Buda ya riga shi da fiye da shekara dubu. Sunansa Siddata Gotama, an haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yau, wajen ƙarni na 5 kafin miladiyya. Ya bar gidan sarauta, ya gwada azabtar da jiki har ya kusa mutuwa, ya bari, sannan ya zauna a gindin wata bishiya a Bod Gaya, a jihar Bihar ta yanzu, inda mabiyansa suka ce ya farka. Shi ma ya yarda cewa cutar ɗan Adam ita ce riƙon da ya yi wa "ni" da "nawa". Amma da ya bincika, sai ya ce bai ga wani mai kallo na dindindin a bayan labule ba. Ya ga jiki, ya ga ji, ya ga fahimta, ya ga niyyoyi, ya ga sani, dukkansu biyar suna tasowa suna faɗuwa, kowanne da sababinsa, babu ɗaya da za a nuna a ce ga mai gidan. Nirbana a wurinsa ita ce mutuwar wutar kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu. Bai ce an koma ga wani Mahalicci ba, domin babu Mahalicci a cikin karatunsa.

Wajen ƙarni na 2 miladiyya aka yi Nagarjuna, wanda a ganina shi ne mafi kaifin ƙwaƙwalwa a duk waɗannan mutane, kuma mafi wahalar kamawa. Ya faɗaɗa maganar Buda ta game komai: ba mutum kaɗai ba, babu wani abu da yake tsaye da kansa. Kowane abu yana jingine da wani, wanin ma yana jingine da wani. Wannan shi suke kira shunyata. Ba cewa ya yi babu komai ba, kamar yadda abokan hamayyarsa suka yi masa ƙage; cewa ya yi babu abin da ke da zati na kansa. Ya kuma yi gargaɗi cewa wanda ya mai da wannan wofintar wani abin riƙo, ya fi kowa ɓata, domin ita ma ba ta tsaye da kanta.

A nan ne za a ga inda hanyoyin biyu suka rabu, kuma abin sha'awa shi ne wani tsohon matanin mabiya Buda ya yi aiki da misalin igiyar nan. Shankara ya haska fitila ya ce babu maciji, igiya ce, ya tsaya a nan. Su kuwa suka ce matso da fitilar. Wannan da kake kira igiya, zare-zaren rama ne aka tufka. Warware su, ina igiyar? Zaren ma ɓawon kara ne, karan ma iri ne da ƙasa da ruwan sama. Duk inda ka sa ƙafa ka ce nan ne ƙarshe, sai ƙasar ta zame. Ɗaya ya ce ƙarƙashin komai akwai Abu Ɗaya, ɗayan ya ce babu ƙarƙashin. Duka biyun suna cewa babu biyu, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Na farko yana nufin mai nema da abin nema ɗaya ne. Na biyu yana nufin babu wani shinge na haƙiƙa tsakanin wannan duniyar ta wahala da nirbana. Yadda ake kallo ne ya bambanta.

Su da kansu sun san da wannan saɓani, ba su kuma ɓoye shi ba. Shankara ya keɓe shafuka a sharhinsa yana rusa makarantun Buda ɗaya bayan ɗaya, da kaushin harshe. Duk da haka 'yan'uwansa Hindu da ba su yarda da shi ba suka laƙaba masa cewa ɗan Buda ne a ɓoye. Ramanuja, wanda ya yi zamani a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya ce idan rai da Ubangiji ɗaya ne to ƙauna da bauta sun zama wasan yara. A wurinsa rai na gaske ne, duniya ta gaske ce, suna dogare da Ubangiji ba tare da sun zama Shi ba. Madba a ƙarni na 13 ya fi shi zafi, ya ce bambancin har abada ne. A can ɓangaren Buda, Shantarakshita na ƙarni na 8 ya ce kuskuren 'yan Adbaita ɗan kaɗan ne, wato ɗaukar sani a matsayin dawwamamme, amma kuskure ne. Da wani malamin Tibet, Dolpopa, wanda ya rasu a 1361, ya karantar da cewa akwai wata haƙiƙa mai haske da ba ta gushewa a cikin kowa, sai aka zarge shi da shigo da Atman ɗin Hindu ta bayan gida. A ƙarni na 17, zamanin Dalai Lama na biyar, aka mai da gidajen ibadar mabiyansa na tsakiyar Tibet hannun wata makarantar. Duk wanda ya zauna a arewacin Najeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mafi saurin makamin da malami ke ɗauka a kan ɗan'uwansa shi ne ya ce masa ɗan aron wani addini ne.

Akwai wata rigimar da ta fi wannan kusa da mu. Shin farkawa a hankali take zuwa, mataki bayan mataki, ko kuwa farat ɗaya? A ƙasar Sin, makarantar da ake jingina wa Huineng, wanda ya rasu a 713, ta ce farat ɗaya ce, tunda abin da ake nema dama yana nan. A Tibet sarki Tirisong Detsen ya tara malamai a gidan ibadar Samye wajen 792 zuwa 794 don a raba gardama: Moheyan daga Sin yana cewa a tsai da tunani a gani nan take, Kamalashila daga Indiya yana cewa sai an bi ta tarbiyyar ɗabi'a da nazari da tausayi na tsawon zamani. Littattafan Tibet sun ce ɗan Indiya ne ya yi nasara, na Sin sun ce nasu ne. A Japan ma an rabu: Dogen, wanda ya rasu a 1253, ya ce zaman tunanin shi kansa shi ne farkawar, ba tsani ba ne zuwa gare ta, Hakuwin, wanda ya rasu a 1769, ya ce sai an matsa wa almajiri da tambaya mai ɗaure kai har wani abu ya fashe a cikinsa. A Indiya ta kusa-kusa kuwa, Ramana Maharshi ya ce abin ya same shi ne a 1896 a garin Madurai yana ɗan shekara 16, ba malami ba littafi, lokacin da tsoron mutuwa ya kama shi ya kwanta ya tambayi kansa wa ke mutuwa. Ya zauna a gindin dutsen Arunachala har ya mutu a 1950.

Wannan gardama ta sauri da jinkiri ita ce ta girgiza ƙasar Kano a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. A 1929 Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya bayyana cewa failar da aka yi wa Tijjanawa bushara da ita ta zo ta hannunsa. A 1937 ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji, daga baya ya zo Kano, manyan malaman Salgawa irin su Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Malam Abubakar Atiku Sanka da Malam Sani Kafinga suka sallama masa. Dutse a lokacin gunduma ce a ƙarƙashin Kano, jihar Jigawa ma sai a 1991 aka yi ta, don haka abin da ya tashi a birni bai daɗe ba fatake da almajirai masu dawowa daga karatu suka kawo shi gabas. Sabon abin da faila ta zo da shi ba wuridi ba ne. Lazimi da wazifa da zikirin Juma'a duk suna nan tun zamanin Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815. Sabon abin shi ne tarbiyya. Ma'arifar da a da ake ganin sai tsoho ya yi shekaru a halwa sannan a yi masa zatonta, sai ga shi an ce tela da ɗan tireda da matar aure za su iya samunta cikin ɗan lokaci a hannun shehi mai izini. Waɗanda suka ƙi abin, cikinsu har da Tijjanawa da Ƙadirawa, tambayarsu ita ce ta Kamalashila: wanda bai gama gyara alwalarsa ba, ta yaya zai ɗauki wannan nauyin? Amsar 'yan faila kuwa ita ce, buɗi kyauta ce ta Allah, ba albashi ba ne, yana ba wanda ya so a lokacin da ya so.

Ka ga kenan kamanni akwai shi, kuma wanda ya musa bai yi adalci ba. Al-Biruni ma ya lura da shi tun wajen 1030, lokacin da ya rubuta littafinsa a kan Indiya bayan ya koyi harshen Sanskirit. Ya jera maganganun Hindu kusa da na sufaye, ya nuna inda suka yi kama. Amma kama daban, aro daban. Mutum uku da suka zauna shiru shekara da shekaru suna bin diddigin zuciyarsu, ba mamaki su ci karo da abu ɗaya: cewa "ni" ɗin nan da ake ta yi wa hidima ba ta da ƙarfin da ake zato. Inda ake gane kowa shi ne abin da ya faɗa bayan nan.

Sufayen da aka yarda da su a wannan ƙasa ba su tsaya a fana'i ba. Junaidu na Bagadaza, wanda ya rasu a 910, shi ne ya kafa ma'aunin: bayan maye sai farfaɗowa, bayan fana'i sai baƙa'i, bawa ya dawo hayyacinsa ya ci gaba da bauta, ya fi da ladabi. Hallaj da ya furta abin da ya furta a cikin maye, yana kiran kansa da sunan Gaskiya, an kashe shi a 922, kuma sufaye da yawa na zamaninsa ba su tsaya masa ba. Ibn Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240, shi ne wanda maganarsa ta fi kusantar ta Shankara, domin ya ce samuwa ta haƙiƙa ta Allah ce Shi kaɗai.  Amma ya ce halitta wurin bayyanar sunayen Allah ce, ya kuma nanata cewa bawa ba ya zama Ubangiji komai ɗaukakarsa. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, bai gamsu ba, ya ce maganar tana kai wa ga rushe bambancin Mahalicci da halitta, kuma daga rijiyarsa ne masu suka na yau suke ɗiba. Wanda ya fi burge ni a wannan fage ɗan Indiya ne, Shehu Ahmad Sirhindi na ɗariƙar Naƙshabandiyya, wanda ya rasu a 1624 yana zaune a tsakiyar Hindu. Ya ce shi ma ya ɗanɗani wannan hali na ganin babu kowa sai Allah, sannan ya wuce shi. Ya ce gani ne ya zama ɗaya, ba samuwa ba: wanda ya kalli rana ba ya ganin taurari, amma taurarin suna nan.

Shehu Ibrahim Inyass kansa, da ya tsara matakan hanya, a kan Musulunci da imani da ihsani ya gina su, ya fara da tuba da istiƙama da taƙawa, ya ƙare da muraƙaba da mushahada da ma'arifa. Tsani ne da ƙafarsa take kafe a cikin shari'a. Akwai kuma wani bambanci da masu cewa duk ɗaya ne suke tsallakewa. Shankara da Buda duka suna neman kuɓuta ne daga sake haihuwa, rai bayan rai ba iyaka. Wannan ita ce matsalar da farkawa ta zo warwarewa. Musulmi kuwa rai ɗaya gare shi, sai kabari, sai hisabi. Wanda ya kuɓuta a wurin Shankara ya gama, babu sauran abin tsoro. Arifi a wurin sufaye ba ya gamawa, har ya koma ga Allah yana roƙon kyakkyawar cikawa.

Wani Baƙadire ya taɓa gwada haɗa kogunan biyu, sufanci da Bedanta, ya kuma biya da ransa. Dara Shiko, babban ɗan sarki Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal, ya karɓi Ƙadiriyya a hannun Mulla Shah, almajirin Miyan Mir na Lahor. A 1655 ya rubuta Majma'ul Bahraini yana daidaita kalmomin sufaye da na Bedanta ɗaya bayan ɗaya. A 1657, da taimakon malaman Hindu na Banaras, ya fassara Upanishad kimanin 50 zuwa Farisanci. Ƙanensa Aurangzeb ya ci shi da yaƙi a rigimar gadon sarauta, aka yanke masa hukuncin ridda, aka kashe shi a 1659. Sarauta ce ta kashe shi, fatawa ta biyo baya. Amma wannan ba zai hana a ce ya yi gaggawa a karatunsa ba, domin ya ga kalmomi sun yi kama sai ya ɗauka ma'anoni ma haka. Fassararsa ce dai wani Bafaranshe, Anquetil-Duperron, ya juya zuwa Latin a 1801 da 1802, kuma ta nan ne Turai ta fara karanta Upanishad. Wato Turawan da suka zo daga baya suna cewa sufaye sun yi aro daga Hindu, ta hannun sufi suka fara sanin abin da Hindun suka rubuta.

Abin da ya kamata ya dame mu ba asalin kalma ba ne, mai da'awar isa ne. Kowace daga cikin hanyoyin nan uku ta haifi mutanen da suka ce tunda babu biyu, to babu halal babu haram, kuma kowace ta yi fama da su. Rajnish, wanda ya kafa sansani a jihar Oregon ta Amurka yana tara motocin alfarma da sunan farkawa, an kore shi daga ƙasar a 1985. Cibiyoyin mabiya Buda na Zen da na Tibet a Amurka da Turai sun sha abin kunya na malaman da suka ci amanar almajiransu mata, ana cewa ai wanda ya farka ya fi ƙarfin hukunci. Mu ma muna da waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa, masu furta kalaman da manyan shehunan Tijjaniyya suka fito fili suka barranta daga gare su, wasunsu ma suna ganin salla ta masu hijabi ce. Nagarjuna ya ce ba a kaiwa ga gaskiya ta ƙoli sai ta kan gaskiyar yau da kullum. Shankara ya sa mallakar kai a bakin ƙofa. Junaidu ya ɗaure hanyar gaba ɗaya da Littafi da Sunna. Babu ɗayansu da zai karɓi mutumin da ya ce ya isa alhali maƙwabcinsa bai tsira daga hannunsa ba. Idan muridi a Fagoji ko Takur ya ce an yi masa buɗi, ni ban da ma'aunin da zan auna zuciyarsa. Amma ana iya tambayar matarsa, da wanda yake binsa bashi, da limamin unguwarsu da asuba.

Wani abin takaici shi ne, wannan zurfin tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, mu ne muka bar shi a cikin gafaka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Baƙadire ne, kuma shi da kansa ya ba da labarin buɗin da aka yi masa yana ɗan shekara 40, wajen 1794. Jikansa ta wajen 'yarsa Hadiza, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya zauna a Salame yana rubutu a kan samuwa da matakanta, har ya yi sharhin wurare masu wuya na littafin Insanul Kamil na Abdulkarim al-Jili. Baturen nan matafiyi, Barth, ya gana da shi a 1853 ya yaba iliminsa. Mutum ne da zai iya zama tabarma ɗaya da almajiran Shankara da na Nagarjuna a yi ta kai-kawo har dare ya raba, bai bar tauhidinsa ba, bai kuma ji tsoron tambayarsu ba. Yawancin rubuce-rubucensa har yau da Larabci suke, a takardun hannu.

Jami'ar Tarayya ta Dutse tana nan tun 2011, ga ɗalibai masu Larabci da Hausa suna neman abin da za su yi bincike a kai. Ina roƙon malamansu, 'yan ɗariƙa da 'yan Izala duka, su tura wasu daga cikinsu su nemo littattafan ɗan Tafa, su tace su, su fassara mana su zuwa Hausa.